Taƙaddamar tutar ƙasar Habasha: zaki, tauraro ko kuwa ba komai?

Ƙasashen Afirka da dama sun ari launukan tutar Habasha a lokacin da suka sami 'yancin kai, amma a cikin ita kanta Habashan an daɗe ana saɓani a kan abin da ya kamata ya zauna a tsakiyar tutar, kuma saɓanin ya sha kai wa ga zub da jini.

A ranar 2 ga watan Maris na shekara ta 2023 jama'a suka ɗunguma zuwa dandalin Menelik da ke tsakiyar birnin Addis Ababa domin bikin tunawa da nasarar da sojojin Habasha suka samu a kan na Italiya a yaƙin Adwa. Jami'an tsaro suka datse hanyoyi, suka kuma harba hayaƙi mai sa hawaye, wanda ya kai har cikin harabar cocin da ke daura da dandalin a daidai lokacin da ake ibada. Daga bisani hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce aƙalla mutum guda ya rasa ransa. Daga cikin abubuwan da aka riƙa hana mutane wucewa da su a wannan rana har da tuta mai launin kore da ruwan ɗorawa da ja, wato dai launukan tutar ƙasar, illa kawai babu tauraro a tsakiyarta.

Ga wanda ke kallo daga nesa abin na da ɗaure kai. Mutum ya fito bikin nasarar ƙasarsa riƙe da launukan ƙasarsa, a kuma ɗauke shi tamkar mai laifi. To amma a Habasha wannan ɗan fili da ke tsakiyar tuta shi ne inda ake fafata babbar muhawarar da ta fi kowace tsufa a siyasar ƙasar: shin Habasha al'umma ɗaya ce mai tarihi ɗaya, ko kuwa tarayya ce ta al'ummomi daban-daban da aka haɗa wasunsu da bakin bindiga?

Launukan da Afirka ta ara

A ranar 1 ga watan Maris na 1896 ne dakarun Sarki Menelik na biyu suka murƙushe rundunar Italiya a kusa da garin Adwa da ke arewacin ƙasar, a daidai lokacin da Turawa ke gama rabon nahiyar Afirka a tsakaninsu. Shekara guda bayan haka, wato a 1897, aka haɗa ƙyallaye uku masu launin ja da ruwan ɗorawa da kore, waɗanda a da ake ɗaga su daban-daban, suka zama tuta guda. Malaman cocin Orthodox na ƙasar kan danganta launukan da bakan gizon da ya bayyana bayan ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu, kuma har yanzu da su ake ƙawata coci-coci a lokutan bukukuwa.

Martabar tutar ta ƙaru bayan da sojojin Mussolini suka mamaye ƙasar a 1936. Shekaru biyar kacal mamayar ta yi, Sarki Haile Selassie ya koma Addis Ababa a ranar 5 ga watan Mayun 1941. Saboda haka a idon 'yan gwagwarmayar neman 'yanci a sauran sassan nahiyar, waɗannan launuka uku suka zama shaidar cewa baƙar fata na iya riƙe ƙasarsa. Ghana ce ta fara ɗaukarsu a 1957, a tutar da Theodosia Okoh ta zana, tare da baƙin tauraro a tsakiya. Gini da Mali da Senegal da Kamaru da Togo da Dahomey, wadda ta zama Benin, duk sun bi sahu, kowacce da nata tsarin jerawa, sannan Burkina Faso ta shigo a 1984 a zamanin Thomas Sankara. Kazalika mabiya aƙidar Rasta a Jamaika sun yaɗa launukan tare da hoton zaki zuwa ko'ina a duniya. Da shugabannin Afirka suka hallara domin kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, babu wanda ya yi mamakin cewa a Addis Ababa aka yi taron.

Wannan shi ne labarin da akasarin 'yan Afirka suka sani. Akwai kuma wani labarin na cikin gida da ba a cika jinsa a waje ba.

Menelik ɗin da ya kori Italiyawa shi ne kuma ya faɗaɗa daularsa zuwa kudu da gabas da yamma, har faɗin ƙasar ya ninka. Ya ci ƙasar Arsi ta 'yan ƙabilar Oromo a 1886 bayan yaƙe-yaƙe masu muni. A farkon 1887 ya ci birnin Harar, tsohuwar cibiyar ilmin addinin Musulunci a gabashin Afirka, bayan ya karya rundunar Sarki Abdullahi a Chelenko, aka kuma gina coci a wurin da wani babban masallacin birnin yake. Wolayta ta faɗi a 1894, Kaffa a 1897. A yawancin waɗannan yankuna an rarraba gonaki ga sojoji da hakiman da suka zo daga arewa, masu ƙasa suka koma 'yan noman haya a kan gonakin kakanninsu. Ga jikokin waɗannan mutane, tutar da sauran Afirka ke kallo a matsayin alamar 'yanci ita ce ta iso garuruwansu a gaban mayaƙa.

Sai dai kuma tarihin bai rabu gida biyu tsaf kamar yadda 'yan siyasar ɓangarorin biyu ke so a ɗauka ba. Ɗaya daga cikin manyan kwamandojin da suka ci wa Menelik ƙasashen kudu, Ras Gobana, ɗan Oromo ne. Mahayan dawakin Oromo sun yi yaƙi a Adwa, kuma masarautar Musulmi ta Jimma ƙarƙashin Abba Jifar na biyu ta zaɓi biyan gandu, ta ci gaba da gudanar da harkokinta har zuwa 1932.

Daga zaki zuwa tauraro

A zamanin Haile Selassie abin da ke tsakiyar tutar hukuma shi ne zaki sanye da kambin sarauta, riƙe da sanda mai gicciye a kanta. Ana kiransa Zakin Yahuza, domin gidan sarautar na da'awar cewa asalinsa daga Annabi Sulaimanu ne da Sarauniyar Saba. Tsarin mulkin 1955 ya fito fili ya ce cocin Orthodox shi ne cocin hukuma, kuma tilas sarki ya kasance mabiyinsa. Ga Musulmin ƙasar, waɗanda ƙidayar 2007 ta nuna sun kai kashi ɗaya cikin uku na al'umma, wannan tambari na nuni ne da cewa ƙasar ta wasu ce su kuwa 'yan rakiya. Abin lura shi ne, wannan ita ce ƙasar da sahabban Manzon Allah (SAW) suka yi hijirar farko zuwa cikinta suka sami mafaka a wurin Najjashi, amma duk da haka sai bayan gagarumar zanga-zangar da Musulmi suka yi a Addis Ababa a watan Afrilun 1974 da kuma faɗuwar sarautar ne aka mayar da ranakun Sallah ranakun hutu na ƙasa.

Fadar sarkin ta taɓa gwada ƙarfinta a kan wata tuta, kuma sakamakon bai yi kyau ba. A 1952 aka haɗa Eritiriya da Habasha a ƙarƙashin tsarin tarayya, Eritiriya na da majalisarta da tutarta shuɗiya mai rassan zaitun. A ƙarshen 1958 aka soke wannan tuta, aka bar ta Habasha ita kaɗai. An fara tawaye da makamai a 1961, aka rushe tarayyar baki ɗaya a 1962, yaƙin kuma ya ɗauki shekaru 30 kafin Eritiriya ta ɓalle a hukumance a 1993. Ba sauke tutar kaɗai ya haddasa yaƙin ba, amma 'yan Eritiriya na lissafa shi cikin manyan matakan da suka tabbatar musu cewa alƙawarin tarayya ya mutu.

Sojojin da suka kifar da Haile Selassie a watan Satumban 1974, waɗanda aka fi sani da Derg, da farko sun cire wa zakin kambinsa, suka mayar da gicciyen tsinin mashi, daga baya suka kawar da shi ɗungurungum. A 1987 gwamnatin Mengistu Haile Mariam ta sa tambarinta na gurguzu mai tauraro da dogon dutsen Aksum. Shi ma wannan ya tafi da tafiyar Mengistu zuwa Zimbabuwe a watan Mayun 1991. Duk waɗannan sauye-sauye ba su taɓa launukan ba. Kowane mai mulki tsakiyar yake sharewa ya sa nasa.

'Yan tawayen da suka karɓi mulki a 1991, wato ƙawancen EPRDF wanda ƙungiyar TPLF ta yankin Tigray ke jagoranta, sun zo ne da wata fassara ta tarihin ƙasar da ta sha bamban da ta magabatansu. A ganinsu Habasha ta sarakuna kurkuku ce ta ƙabilu, maganin kuwa shi ne a raba ƙasar zuwa jihohi bisa harshe da ƙabila. Tsarin mulkin da ya fara aiki a 1995 ya kafa jihohi tara, ya bai wa kowacce damar yin tutarta, a sashe na 39 ma ya amince da 'yancin ɓallewa. Sashe na 3 kuma ya ce tutar tarayya za ta kasance kore a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a ƙasa, tare da tambarin ƙasa a tsakiyarta wanda zai nuna fatan al'ummomi da addinan ƙasar na zama tare cikin daidaito.

A 1996 majalisa ta fayyace tambarin: da'ira shuɗiya, a cikinta tauraro mai tsini biyar da haske na fita daga gare shi. A bayanin hukuma shuɗin na nufin zaman lafiya, daidaiton layukan tauraron na nufin daidaiton ƙabilu da addinai, hasken kuma kyakkyawar makoma. Kore ya zama alamar albarkar ƙasa da aiki, ruwan ɗorawa fata da adalci, ja kuwa sadaukarwa.

A rubuce dai babu abin ƙi a cikin wannan bayani. Matsalar ita ce wanda ya kawo shi da kuma yadda aka kawo shi. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama a kai ba, kuma majalisar da ta amince da shi kusan gaba ɗayanta ta ƙawancen da ke mulki ce, domin manyan 'yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen 1995. Masu kishin haɗaɗɗiyar Habasha, musamman a tsakanin 'yan ƙabilar Amhara da mazauna Addis Ababa da kuma 'yan ƙasar da ke zaune a Amurka da Turai, sun ɗauki tauraron a matsayin hatimin jam'iyya, wasu masu tsananin ra'ayin addini ma suna danganta siffarsa da tsafi. Sun kuma daɗe suna jingina wa Firaminista Meles Zenawi wata magana cewa tuta ba komai ba ce illa ƙyalle. Ko ma dai mene ne gaskiyar wannan zance, gwamnatinsa ce ta ƙirƙiro ranar tuta ta ƙasa a 2008, sannan a 2009 ta kafa doka mai lamba 654, wadda ta tanadi tarar birr 5,000 ko ɗaurin da zai iya kai wa shekara ɗaya da rabi ga duk wanda ya yi amfani da tutar babu tambarinta.

Idan manufar dokar ita ce a sa jama'a su rungumi tauraron, to akasin haka ta haifar. Tun daga lokacin duk mai son nuna adawa da gwamnati ya sami hanya mafi sauƙi, ba sai ya buɗe baki ba.

Tutoci uku a titi ɗaya

An ga haka ƙarara a zanga-zangar da ta girgiza ƙasar daga ƙarshen 2015. A birnin Gondar na jihar Amhara dubban mutane sun fito a watan Yulin 2016 ɗauke da tutar da babu tauraro. A jihar Oromiya kuwa, inda boren ya faro saboda shirin faɗaɗa Addis Ababa zuwa gonakin manoma, matasa ba su ɗaga mai tauraro ba, ba su kuma ɗaga marar tauraro ba. Tasu ita ce ta ƙungiyar OLF da aka haramta a lokacin, mai launin ja da kore da hoton itacen ɓaure, wanda a gindinsa ne dattawan Oromo ke zaman shawara tun kaka da kakanni. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan ƙin gwamnati, kuma matsin lambarsu ya kai ga murabus ɗin Firaminista Hailemariam Desalegn a watan Fabrairun 2018. Amma duk wanda ya dubi abin da ke hannuwansu ya san ba ƙasa iri ɗaya suke mafarki ba.

Abiy Ahmed ya hau mulki a watan Afrilun 2018, kuma a watanninsa na farko dokar 2009 ta zama tamkar babu ita. A gangamin goyon bayansa da aka yi a dandalin Meskel ranar 23 ga watan Yuni, wanda aka jefa gurneti a cikinsa mutum biyu suka mutu, an yi ta kaɗa tutoci marasa tauraro a gaban 'yan sanda. Ba a jima ba aka ga illar rashin matsaya. A watan Satumba shugabannin ƙungiyar Ginbot 7 suka dawo daga gudun hijira aka tarbe su da tuta marar tauraro, mako guda bayan nan shugabannin OLF suka iso. Magoya bayan OLF suka fara kafa tutocinsu da shafa launukansu a titunan babban birnin, matasan unguwanni suka ce ba za ta saɓu ba, aka yi ta arangama. A ƙarshen wannan mako aka kashe mutane fiye da 20 a garin Burayu da ke bakin birnin, dubbai suka tsere daga gidajensu.

Daga nan gwamnati ta sake ɗaure fuska, kuma wurin da abin ya fi tsanani shi ne bukukuwan coci. A watan Janairun 2022, lokacin bikin Timkat, an yi asarar rayuka a wata unguwa da ke kan iyakar Addis Ababa da jihar Oromiya, bayan da 'yan sandan jihar suka tare ayarin masu ibada saboda launukan da suke ɗauke da su. Limaman cocin na cewa launukan nasu ne tun kafin a san wata jam'iyya. Jami'ai kuma na cewa 'yan siyasa ne ke fakewa da addini. A ƙarshen wannan shekara rikicin ya shiga makarantun Addis Ababa, inda ɗalibai suka yi bore saboda ɗaga tutar Oromiya da rera taken jihar a harabar makarantu, aka kama mutane da dama. A nan batun tuta ya haɗe da wata tsohuwar jayayya, wato ta mallakar birnin kansa, wanda 'yan Oromo ke kira Finfinne.

Lamarin ya fi fitowa fili a fagen daga. A yaƙin Tigray da aka gwabza daga watan Nuwamban 2020 zuwa yarjejeniyar Pretoria ta watan Nuwamban 2022, sojojin tarayya sun yaƙi ƙungiyar TPLF a ƙarƙashin tauraron da ita TPLF ɗin ta kawo, yayin da mayaƙan sa-kai na Fano 'yan Amhara ke mara musu baya ɗauke da tuta marar tauraro. A 2023 waɗannan abokan yaƙi suka juya wa juna bindiga bayan da gwamnati ta yanke shawarar rusa rundunonin musamman na jihohi, har aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Amhara a watan Agusta.

Me ya hana a sauya?

Ta fuskar doka akwai hanyoyi biyu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Tsarin mulki bai ambaci tauraro ba, cewa kawai ya yi a sa tambari, saboda haka majalisa na iya musanya tauraron da wani abu ta hanyar doka ta yau da kullum. Jam'iyyar Abiy Ahmed ta lashe kujeru 410 daga cikin 436 da aka yi takara a kansu a zaɓen 2021, ke nan ba rashin rinjaye ne ya hana ta ba. Cire tambarin baki ɗaya kuwa sai an gyara sashe na 3, abin da ke buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu a zaman haɗin gwiwa, da kuma kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi.

A nan gizo ke saƙa. Jihohin sun ƙaru daga tara zuwa 12 a tsakanin 2020 da 2023, bayan da al'ummar Sidama da wasu na kudu suka nemi nasu, wanda ke nuna cewa tsarin tarayyar ƙabilu na da masoya da yawa duk da sukar da yake sha. Ga ɗan Sidama ko ɗan Afar ko ɗan jihar Somali, wadda a 2018 ta maido da farin tauraro a kan shuɗi a tata tutar, ba lalle ne tauraron tarayya ya burge shi ba. Amma tuta marar tambari na tuna masa da zamanin da ba a koyar da 'ya'yansa da harshensu, ba a kuma shari'a da shi a kotu. Ga ɗan Amhara kuwa, tauraron na tuna masa da tsarin da yake ganin ya mayar da 'yan uwansa mazauna wasu jihohi baƙi a cikin ƙasarsu, ana kashe su ana korarsu. Kowane ɓangare na da gawawwakin da zai nuna, kuma duk shugaban da ya taɓa tsakiyar tutar to ya zaɓi ɓangare ke nan.

A Najeriya, alƙalan gasar zana tuta ta 1959 sun cire jar ranar da Taiwo Akinkunmi ya sa a tsakiyar zanensa, suka bar farin fili, kuma ba a taɓa yin wata babbar rigima a kai ba. A Habasha wannan mafita ba za ta yi aiki ba, domin barin tsakiyar babu komai shi kansa matsayin ɓangare guda ne.

Fatan da ya rage wa masu neman sulhu shi ne hukumar tattaunawar ƙasa da majalisa ta kafa a ƙarshen 2021, wadda ta zagaya jihohi tana tattara batutuwan da jama'a ke son a zauna a kansu. Batun tuta na cikin waɗanda aka gabatar mata, tare da na gyaran tsarin mulki da matsayin birnin Addis Ababa. To sai dai manyan jam'iyyun adawa na Oromo biyu, OLF da OFC, sun ƙaurace wa aikin hukumar tun daga farko bisa zargin cewa gwamnati ce ke juya akalarta, kuma an tattara batutuwan ne ba tare da mayaƙan Fano na Amhara da na ƙungiyar OLA ta Oromiya ba, wato waɗanda suka shiga daji ɗauke da sauran tutocin biyu.